Velvelettes: Muryoyin da Nisan Gari Ya Danne



Duk wanda ya taɓa jin labarin kamfanin waƙoƙi na Motown da ke birnin Detroit a Amurka, da wuya a ce bai san Supremes da jagorarsu Diana Ross ba. Wanda ya ɗan zurfafa zai ƙara da Marvelettes, ya ƙara da Martha and the Vandellas, daga nan galibi lissafin yake tsayawa. Amma akwai ƙungiya ta huɗu ta 'yan mata da ta yi aiki a gida ɗaya da waɗannan, da makaɗa ɗaya, a shekaru ɗaya, kuma fayafayanta ba su gaza na kowa ba wajen ƙarfi da daɗin sauraro. Sunanta Velvelettes. A kansu laccar yau take: su wane ne, me suka rera, kuma me ya sa kamfanin da ya iya mayar da 'ya'yan talakawa taurarin duniya ya kasa fitar musu da kundin waƙoƙi ko guda ɗaya a duk tsawon zamansu da shi.

Labarin ya faro ne a 1961 a Kalamazoo, wani matsakaicin gari a kudu maso yammacin jihar Michigan, inda Jami'ar Western Michigan take. Ɗalibai biyu, Bertha Barbee daga garin Flint da Mildred Gill 'yar asalin Kalamazoo, son waƙa ya haɗa su. Bertha kiɗa take karanta, hannunta ya faɗa a kan fiyano, kuma ita ce mai raba wa kowa muryar da za ta riƙe. Mildred ta jawo ƙanwarta Carolyn, wadda kowa yake kira Cal, ɗalibar sakandare da ba ta cika shekara 14 ba a lokacin. Cal ta jawo ƙawarta Betty Kelley. Bertha kuma ta aika aka kira wata 'yar'uwarta ta dangi, Norma Barbee, mai karatu a wata kwaleji a Flint. Suka cika biyar. Abin mamakin shi ne, 'yar autar cikinsu aka ɗora wa jan waƙa, manyan suka koma amshi, domin duk wanda ya ji muryar Cal ya san ba ta dace da layin baya ba.

Da farko a bukukuwan ɗalibai suke waƙa. Suka shiga wata gasa da aka shirya a jami'ar, suka cinye kyautar dala 25. A cikin ɗaliban da suka saurare su akwai Robert Bullock, ɗan 'yar'uwar Berry Gordy mai kamfanin Motown, shi ne ya ba su shawarar su je Detroit a gwada muryarsu.

Motown ɗin da suka nufa bai kai shekara huɗu da kafuwa ba. A 1959 Berry Gordy ya ranci dala 800 daga asusun danginsa ya fara harkar, ya sayi wani gida mai lamba 2648 a titin West Grand Boulevard, ya zauna da iyalinsa a sama, ya mayar da garejin baya sutudiyo, ya kafa allo a gaban gidan da sunan Hitsville U.S.A. Gordy ya taɓa aiki a masana'antar haɗa motoci ta Lincoln-Mercury, kuma bai ɓoye cewa daga can ya ɗauko tsarinsa ba: wasu su rubuta waƙa, wasu su kaɗa, wasu su rera, wasu su koya wa mawaƙa rawa da tafiya da gaisuwa, a ƙarshe wani sashe ya duba ko kayan sun isa a kai kasuwa. A ƙarshen 1961 Marvelettes, 'yan makaranta daga garin Inkster, suka ba kamfanin waƙarsa ta farko da ta hau lamba ɗaya a babban jerin mujallar Billboard, wato "Please Mr. Postman". Daga nan duk wata yarinya baƙar fata mai murya a Michigan ta san inda za ta dosa.

A yadda su kansu suka sha ba da labarin, a ƙarshen 1962 mahaifin su Mildred da Cal, wanda fasto ne, ya kwashe su a motarsa cikin dusar ƙanƙara zuwa Detroit, tafiyar fiye da kilomita 200. Suka iso ranar Asabar. Mai karɓar baƙi ta ce musu ba a gwajin murya ranar Asabar, su koma su dawo wata rana. Sun juya za su fita, idanu sun cika da hawaye, sai ga William Stevenson, wanda ake kira Mickey, shugaban sashen mawaƙa na kamfanin. Ya kalli Bertha da Norma ya gane su, domin shekarun baya ya taɓa shirya wani faifai da ƙungiyar danginsu ta Barbees ta yi wa wani ƙaramin kamfani. Ya ce su shigo. Da ya makara da minti biyu wajen buɗe ƙofar nan, da babu laccar yau.

A farkon 1963 suka ɗauki faifansu na farko, "There He Goes", Stevenson ne furodusa. Wanda ya busa hamonika a ciki wani yaro ne makaho ɗan shekara 12 da kamfanin yake reno, Stevie Wonder. Motown bai fitar da faifan a ƙarƙashin tambarinsa ba, ya miƙa shi ga wani kamfani mai suna IPG, kuma bai yi nisa a kasuwa ba. 'Yan matan suka koma aji.

Kafin a kai ga faifan da ya fito da su, ya kamata a ce wani abu game da irin kiɗan. Sol ake kiransa, kuma ɗan coci ne. A majami'un baƙaƙen fatar Amurka aka raini wannan salo na mai bayarwa da masu amsawa, da tafi a kan bugu na biyu da na huɗu, da muryar da take tashi har ta ɗan karye saboda shauƙi. Ray Charles a 1954 da Sam Cooke a 1957 suna cikin waɗanda suka fito da salon daga coci suka ɗora masa kalaman soyayya. Wanda ya taɓa tsayawa a gidan biki ya ji yadda marigayiya Barmani Choge take jefa baiti 'yan amshinta suna cafewa, ƙwarya tana tafiya a ƙasa, ba sai an yi masa dogon bayani a kan ginin waƙar Velvelettes ba. Su Cal 'ya'yan fasto ne, a cikin wannan sauti suka buɗe ido. Abin da Motown ya ƙara shi ne gogewa da saurin isar da saƙo: waƙa ta kama kunne tun a daƙiƙun farko, ta ƙare kafin minti uku, ta yi daɗi a rediyon mota da ƙaramar rediyon hannu.

A 1964 aka haɗa su da wani matashin furodusa, Norman Whitfield, haifaffen unguwar Harlem ta New York da ya koma Detroit yana saurayi. Whitfield ya daɗe yana zarya a Hitsville kafin a ɗauke shi a sashen tantance fayafayai, kuma yana ƙishirwar a san da shi. A watan Satumba na shekarar aka fitar da "Needle in a Haystack", wadda ya rubuta tare da Stevenson, a ƙarƙashin V.I.P., ɗaya daga cikin ƙananan tamburan Motown.

Wannan faifai ya cancanci a tsaya a kansa. Ba ya sallama, da duka yake shigowa: ganga da tafi da takun ƙafa suna faɗuwa wuri ɗaya kamar ana sussuka. 'Yan amshi ne suke fara buɗe baki, da wasu 'yan sautuka marasa ma'ana da suke maimaitawa har su zauna wa mutum a ka. Sannan Cal ta shigo. Shekararta 16, amma ba muryar yarinya mai neman a tausaya mata take yi ba. Magana take yi da sauran 'yan mata, tana jan kunnensu a kan samarin zamani da wuyar samun na kirki a cikinsu, kamar babbar yaya da ta ga jiya ta ga yau. Muryar tana da ɗan kaushi a gefe, tana zama daram a kan bugun, ba ta gudu ba ta jan ƙafa. A tsakiya ƙaho ya karɓa na ɗan lokaci, ya mayar mata. A ƙarƙashin duk wannan akwai makaɗan gidan da aka fi sani da Funk Brothers, irin su James Jamerson mai jitar bes, da Benny Benjamin mai ganguna, da Earl Van Dyke mai fiyano, mutanen da suka kaɗa kusan duk fayafayan Motown na wancan zamani a cikin ɗan garejin nan da wayoyin makirfo suke reto daga silinsa, ba tare da an rubuta sunansu a jikin faifai ba.

Waƙar ta kai lamba 45 a babban jerin Billboard. Wannan lamba tana ɓoye wani abu. Daga ƙarshen Nuwamba 1963 har zuwa Janairu 1965 mujallar Billboard ta dakatar da jerinta na musamman na waƙoƙin da baƙaƙen fata suka fi saye, wanda a nan ne ƙungiya irin wannan take fara nuna ƙarfinta. Wato faifan Velvelettes mafi karɓuwa ya fito ne daidai lokacin da aka ɗauke ma'aunin da ya fi dacewa a auna shi da shi.

A watan Disamba 1964 suka biyo da "He Was Really Sayin' Somethin'", wadda Whitfield da Stevenson da Eddie Holland suka rubuta. A nan fiyano ne yake buɗe fage da wani ɗan zagaye mai tsalle, ƙahoni suka hau kai, Cal tana ba da labarin saurayin da ya biyo ta a titi da daɗin baki har ya shawo kanta. Akwai dariya a cikin muryarta, irin ta wadda ta san ana yi mata wayo kuma abin yana burge ta. Amshin ya fi na faifan baya tsari, muryoyi huɗu suna haɗuwa kamar ta mutum ɗaya, kuma a nan ake jin aikin Bertha. A farkon 1965 waƙar ta tsaya a lamba 64 a babban jeri, ta kai 21 a jerin baƙaƙen fata da aka dawo da shi. Muryoyi huɗu aka ce, domin kafin nan an riga an ɗauke Betty Kelley. A 1964 Annette Beard ta bar Vandellas, kamfanin ya duba cikin gida ya cike gurbin da Betty.

Fayafayai biyu suka biyo a 1965, "Lonely, Lonely Girl Am I" da "A Bird in the Hand", duka aikin Whitfield. Ta farkon tana gudu da goge-gogen Turawa a sama da ganga mai zafi a ƙasa, waƙar kaɗaici ce da aka yi wa kiɗan rawa, kuma a ganina ita ce ƙololuwar abin da Cal ta rera. Ta biyun jitar bes ce take jan ta da wani irin nauyi da ba a saba ji a fayafayan 'yan mata na lokacin ba. Babu ɗayansu da ta shiga jerin ɗari na Billboard. An shirya musu kundi, har an ware masa lamba a tambarin V.I.P., aka ajiye shi ba a fitar ba. A 1966 Harvey Fuqua da Johnny Bristol suka shirya musu "These Things Will Keep Me Loving You" a tambarin Soul, ta kai lamba 43 a jerin baƙaƙen fata. Shi ne faifansu na ƙarshe a Motown. Gaba ɗaya fayafayai shida ne cikin shekara huɗu.

To, me ya faru? Ruwa ba ya tsami banza, kuma rashin murya ba ya cikin dalilan.

Dalili na farko nisa ne. Yadda ake aiki a Hitsville, sau da yawa makaɗa ne suke fara ɗaukar kiɗan waƙa, sannan furodusa ya nemi wanda zai ɗora murya. Sutudiyon ɗaya ne, furodusoshi suna layi, kowa yana so ya kammala kafin taron ranar Juma'a inda Gordy da manyan ma'aikatansa suke sauraron sababbin waƙoƙi su kaɗa ƙuri'a a kan wadda za ta fita. A irin wannan yanayi, wanda yake zaune a falo shi ake kira. Supremes a rukunin gidajen Brewster-Douglass na Detroit suke, kullum aka tashi daga makaranta sai su zo su zauna, su yi wa wasu tafi, su yi wa wasu amshi, har Gordy ya gaji ya ba su kwantiragi a Janairu 1961. Sun yi kusan shekara uku suna fitar da fayafayan da ba su ci kasuwa ba, har ana yi musu ba'a a cikin gidan, amma suna nan ana ganinsu. Martha Reeves ta Vandellas da farko sakatariyar Mickey Stevenson ce, ranar da mawaƙiya Mary Wells ba ta zo ɗaukar wata waƙa ba aka ce ta shiga ta rera. Zumunta a ƙafa take. Velvelettes kuwa wasu suna Kalamazoo, wasu suna Flint, sai ƙarshen mako ko hutun makaranta suke iya haɗuwa a Detroit. Waƙar da aka kaɗa ranar Talata ba za ta jira Asabar ba. Daga baya Cal ta koma Detroit wurin dangi ta ƙarasa sakandare a can, amma sauran suna inda suke.

Nisan nan kuma zaɓi ne aka yi da ido buɗe. Iyayensu sun tsaya a kan sai an gama karatu, kuma suna da hujja. Marvelettes sun bar makaranta saboda yawon wasanni. Yawon kansa ba wasa ba ne ga yaro baƙar fata a wancan zamani: a ƙarshen 1962 an harbi motar ayarin mawaƙan Motown a Birmingham ta jihar Alabama, kuma a jihohin kudu otal da gidan abinci da ban-ɗaki duk a rarrabe suke tsakanin fari da baƙi. Sai a ranar 2 ga Yuli 1964 aka sa hannu a dokar da ta haramta wannan wariya a wuraren jama'a, kuma sa hannu daban, aiki da ita daban. Velvelettes sun yi wasu tafiye-tafiye, har da shiga ayarin mawaƙa na Dick Clark da yake zagaya jihohi a bas, amma ba su taɓa zama 'yan kan hanya na dindindin ba. Faifai kuwa a lokacin ƙafa yake bukata: a je gidan rediyo a gaida mai saka waƙa, a fito a talabijin, a tsaya a dandali gari bayan gari.

Dalili na biyu lokaci ne. A watan Agusta 1964, makonni kaɗan kafin fitar "Needle in a Haystack", waƙar Supremes "Where Did Our Love Go" ta hau lamba ɗaya. "Baby Love" ta biyo, sai "Come See About Me", sai "Stop! In the Name of Love", sai "Back in My Arms Again" a watan Yuni 1965. Waƙoƙi biyar a jere, kowace lamba ɗaya, cikin ƙasa da shekara guda, a daidai lokacin da Beatles da sauran samarin Ingila suka mamaye kasuwar Amurka suka tura ƙungiyoyin 'yan mata da yawa gefe. Gordy ya ga ƙofar da ya daɗe yana nema, ta shiga gidajen fararen fata da manyan wuraren shaƙatawa irin su Copacabana na New York, inda Supremes suka yi wasa a Yuli 1965. Kuɗin talla da hankalin shugabanni da gwanayen marubuta uku, Brian Holland da Lamont Dozier da Eddie Holland, duk suka karkata can. Marvelettes da Vandellas ma, da suka riga suka yi suna, sun ji a jikinsu, balle na huɗu a layi. Tambarin V.I.P. da aka ajiye Velvelettes a kai shi ne wanda kamfanin ya fi yi wa riƙon sakainar kashi. 'Yan ƙungiyar Spinners ma a nan suka yi zaman jira, sai da suka koma kamfanin Atlantic a farkon shekarun 1970 duniya ta san ko su wane ne.

Akwai kuma batun Whitfield kansa. Idonsa yana kan ƙungiyar Temptations tun farko, amma wani furodusan, Smokey Robinson, shi ne yake riƙe da su. A 1966 waƙar Smokey "Get Ready" ta tsaya a lamba 29, ta Whitfield "Ain't Too Proud to Beg" ta kai 13, aka miƙa masa ƙungiyar. Daga nan ya zama mutumin da ya shirya "I Heard It Through the Grapevine" da "Cloud Nine" da "War" da "Papa Was a Rollin' Stone". Wanda ya saurari fayafayan Velvelettes a jere zai ji inda ya koyi sana'ar: son bugu mai nauyi, tura mawaƙi ya rera da ɗan zafi, barin bes ya yi magana. Bai ma manta da kayan da ya bari a wurinsu ba. Temptations sun rera tasu sigar ta "Lonely, Lonely Girl Am I" da bakin namiji a 1966, kuma a kundinsu na 1971, Sky's the Limit, akwai "Throw a Farewell Kiss" da "I'm the Exception to the Rule", waɗanda duka a bayan fayafayan Velvelettes suka fito shekaru kafin nan. Ita ma "These Things Will Keep Me Loving You" ta sake fitowa a 1970 a kundin farko na Diana Ross bayan ta bar Supremes.

Daga tsakiyar shekarun 1960 Bertha da Mildred da Norma suka janye saboda aure da renon 'ya'ya. Cal ta ɗauko Sandra Tilley da Annette McMillan ta ci gaba da wasanni. A 1969 aka sake maimaita abin da aka yi da Betty: Rosalind Ashford ta bar Vandellas, aka ɗauke Sandra Tilley aka cike gurbin. Ƙungiya ɗaya ta ba Vandellas mawaƙa biyu. A shekarar Cal ta auri Richard Street, mawaƙin ƙungiyar Monitors wanda ya shiga Temptations a 1971, ta ajiye ƙungiyar.

Da a Amurka kaɗai aka sayar da fayafayan, da a nan maganar ta mutu. Tun a 1966 wata ƙungiyar samari a Ostireliya, Twilights, ta rera "Needle in a Haystack" ta yi kasuwa da ita a can. Amma inda waƙoƙin suka sami gida na biyu shi ne arewacin Ingila. A garuruwan masana'antu, 'ya'yan ma'aikata sun riƙe wani irin sol mai sauri na tsakiyar shekarun 1960 bayan Amurka ta wuce shi. Suna kwana rawa a wurare irin su Twisted Wheel na Manchester, da Golden Torch kusa da Stoke, da Blackpool Mecca, da Wigan Casino da ya yi tashe daga 1973 zuwa 1981. Ɗan jarida kuma mai shagon fayafayai a Landan, Dave Godin, shi ya raɗa wa harkar suna Northern Soul. A wurin waɗannan matasa, faifan da bai ci kasuwa a Amurka ba ya fi daraja, domin samunsa sai an tona. Masu saka waƙa suna tsallaka teku su kwaso fayafayan da aka jibge a rumbunan 'yan kasuwa, wani ma har rufe sunan faifai yake yi da takarda don kada abokin gasa ya gane. "Lonely, Lonely Girl Am I", wadda Amurka ta yi biris da ita, ta zama abin so a waɗannan dandali. A 1971 aka sake fitar da "These Things Will Keep Me Loving You" a Ingila ta kai lamba 34, shekara biyu bayan ƙungiyar ta watse. A shekarar ce kuma tsohon faifan ƙungiyar Elgins, su ma 'yan V.I.P., "Heaven Must Have Sent You", ya kai lamba 3 a can.

A 1982 wasu 'yan mata uku a Landan, Bananarama, tare da samarin Fun Boy Three, suka sake rera "He Was Really Sayin' Somethin'" da ɗan gajarta sunan. Ta kai lamba 5 a Birtaniya, matsayin da asalin waƙar bai taɓa kusanta ba a ko'ina. Yawancin masu sayenta ba su san akwai wata Cal Gill ba. A tsarin harkar kuma, idan aka sake rera waƙa, kuɗin marubuta ne da kamfanin da ya mallaki rubutun, wanda a nan shi ne Jobete na Berry Gordy. Waɗanda suka fara rera ta, suka ba ta siffar da aka kwaikwaya, ba su da kaso a sabon faifan. Haka dokar take, kuma ba ta yi wa masu murya adalci ba.

A lokacin Bertha tana koyarwa a makarantun gwamnati na Kalamazoo. Mildred ma'aikaciyar jinya ce a Flint. Norma da Cal kowace tana da aikinta na ofis. Yana da kyau a ajiye wannan kusa da labarin Florence Ballard, wadda da ita aka kafa Supremes, ta rera a duk waƙoƙi biyar ɗin nan da aka lissafa, aka cire ta a 1967, ta shiga ƙuncin rayuwa har ta dogara da tallafin gwamnati, ta rasu a Detroit a Fabrairu 1976 tana da shekara 32. Ba kowace tauraruwa ce ta ƙare haka ba, kuma Velvelettes ma sun yi asara ta gaske: an hana su damar nuna iyakar abin da za su iya a lokacin da muryoyinsu suke kan ganiya. Amma faston da ya tuƙa motar nan cikin ƙanƙara, ya kuma dage a kan karatu, ya bar 'ya'yansa da sana'ar da ba ta dogara da ƙuri'ar ranar Juma'a ba.

A 1984 aka gayyaci Bertha ta yi waƙa a wani taron mata baƙaƙen fata a Kalamazoo, ta kira Cal da Mildred da Norma. Daga wannan rana su huɗun suka ci gaba da fitowa tare, 'yan asalin ƙungiyar, ba haya ba, abin da ƙungiyoyin zamaninsu kaɗan ne suka iya. Furodusan Ingila Ian Levine, wanda ya fito daga harkar Northern Soul a Blackpool Mecca, ya ɗauke su a kamfaninsa na Motorcity, a 1990 suka fitar da One Door Closes, kundinsu na farko, shekara 27 bayan faifansu na farko. Sun sha zuwa Ingila wasa, a gaban mutanen da suka haddace waƙoƙin da Detroit ta manta.

Motown kansa sai a 1999 ya tattara waƙoƙinsu a faifan sidi. A 2004 aka fitar da The Motown Anthology, sidi biyu masu waƙoƙi fiye da 40, alhali abin da aka saki a zamaninsu bai wuce dozin ba. A nan ne aka ga yawan aikin da aka rufe a ma'ajiya kusan shekara 40: waƙoƙin da aka kammala tsaf ba a fitar ba, da wasan da suka yi a gaban jama'a a zauren Graystone na Detroit, har da waƙoƙin da Cal ta rera da Faransanci, harshen da ta koya a makaranta. Bertha Barbee McNeal ta rayu ta ga wannan kundi a hannunta, ta ci gaba da koyarwa da waƙa a Kalamazoo har ta rasu a watan Disamba 2022 tana da shekara 82.

Waƙoƙin duka suna nan a intanet. Ɗalibin da yake son ya auna maganar da aka yi a zauren nan, ya saurari "Baby Love" ta Supremes da "Needle in a Haystack" ɗaya bayan ɗaya, domin a wata ɗaya aka fitar da su, Satumba 1964, daga gareji ɗaya, sannan ya bi da "Lonely, Lonely Girl Am I".